Tafasawa, javel, rana ko matatar ruwa: wacce hanya ta dace da ruwan shan gidanka?

A Marwa, Garwa, Kuseri da Njamena, da wuya ka sami gidan da ke shan ruwa daga wuri guda duk shekara. In famfo ya kawo a tara, in ya ɗauke a saya wurin mai kura, shi kuwa ba kullum ake sanin inda ya ɗebo ba. Da bazara ma wasu a Marwa har yashin mayo, wato busasshen rafi, suke tonawa. Saboda haka cewa kawai "a riƙa tsabtace ruwan sha" ba ta wadatar. Da me za a tsabtace shi? Abin da zai yi wa ruwan foraj, wato rijiyar burtsatse, aiki ba lallai ne ya yi wa ruwan kogin Logon na watan Satumba ba.

Abu uku ne ke ɓata ruwan sha. Akwai laka da dattin da ido ke gani. Akwai ƙwayoyin cuta da ke fitowa daga kashin mutum da na dabba, masu kawo kwalara, taifot, atuni da shawara, waɗannan kuwa ko ruwa ya yi garai-garai suna iya kasancewa a ciki. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a kansu mai tsauri ce: kada a sami ko ƙwaya ɗaya ta E. coli, bakteriyar da ke nuna kashi ya shiga ruwa, a cikin mililita 100. Sai kuma sinadaran da suka narke a ruwan tun daga ƙarƙashin ƙasa, irin su fuloraid, naitiret da ƙarfe. Cikin hanyoyin da ake bi a gida babu wadda ke maganin duka ukun.

Wani abu kuma da ya kamata a riƙe tun daga farko: ruwa yakan fito daga foraj lafiya lau, ya zo ya lalace a cikin gida. Jarkar mai kura da cikinta ya yi gansakuka, moɗar da aka ajiye a ƙasa, hannun yaro da ya nutse cikin randa har gwiwar hannu, duk ƙofofi ne. To ba a auna hanya da ƙarfin kashe ƙwayoyin cuta kaɗai, sai an duba ko za ta ci gaba da tsare ruwan har gobe da safe.

Tafasawa

Wajen kisa babu kamarta. Bakteriya, bairos, ƙwan tsutsar ciki, har da Cryptosporidium, ƙwayar zawo da kulorin ba ya iya mata, duk zafi na gamawa da su, kuma ko ruwan da ɗan laka aikin na yiwuwa. Sharaɗin dai ruwan ya tafasa sosai, yana ɓulɓulowa da ƙarfi, a bar shi minti 1 a haka. Ƙananan kumfan da ke tasowa a gindin tukunya ba tafasa ba ne.

Tsadarta ce matsala. Tafasa lita 20 a murhun duwatsu uku yana cin itace kilo 3 zuwa 4, domin mafi yawan zafin iska ke kwashewa. A gas kuwa kusan kwatan kilo ne, wato tukunyar kilo 6 da aka saba da ita a Njamena jarka 24 ko kusa da haka za ta tafasa ta ƙare, ta kilo 12.5 ta Kamaru kuma kamar jarka 50. Gidan mutum 8 da ke shan jarka ɗaya a rana ya ga lissafin da kansa, balle a Njamena inda gwamnati ta hana gawayi tun farkon 2009. Sa'an nan ga jiran hucewa. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, wa zai jira ruwa ya huce awa huɗu? Abin da ke faruwa shi ne a juye shi cikin randa don ya yi sanyi, a ci gaba da tsoma moɗa, kuma babu abin da ya rage a cikinsa da zai kashe sabuwar ƙwayar da ta shiga. Itacen ya tafi a banza ke nan.

Inda tafasawa ta fi cancanta shi ne ruwa kaɗan mai muhimmanci: na haɗa madarar jariri, na majinyacin da jikinsa ya yi rauni, da ranar da babu javel, wato ruwan kulorin na kwalba, a gida. A bar shi ya huce a tukunyar da aka tafasa shi, a rufe, a tsiyaya daga nan. In an ji ya yi lami, a girgiza shi cikin jarka mai tsabta, iska ta shiga, ɗanɗanonsa zai dawo.

Kulorin: javel, Aquatabs da garin HTH

A nan za mu daɗe, domin ga yawancin gidajen birni wannan ce hanyar da ta fi, kuma ita ce aka fi yi wa kuskure. Sinadarin dai shi ne wanda kamfanonin ruwa irin su Camwater da STE ke sa wa ruwan famfo. Fifikonsa a kan sauran hanyoyi guda ne amma babba: bayan ya kashe abin da ya tarar, ragowarsa na zama a ruwan tana jiran abin da zai shigo daga baya. Abin da ake nema shi ne a zuba kimanin miligiram 2 a kowace lita, bayan minti 30 a sami ragowar 0.2 zuwa 0.5. Lokacin annobar kwalara, irin ta 2010 da ta kashe ɗaruruwan mutane a lardin Arewa Mai Nisa, akan ɗaga ragowar zuwa tsakanin 0.5 da 1.

Javel ɗin kasuwa ƙarfinsa ba ɗaya ba ne, sai an karanta jikin kwalba. Wani a digiri ake rubuta shi, wani a kashi cikin ɗari. Digiri 1 na nufin giram 3.17 na kulorin a lita. Jarkar lita 20 tana buƙatar miligiram 40, saboda haka in javel ɗin mai digiri 12 ne, mililita 1 ya isa. In mai digiri 8 ne ko wanda aka rubuta 2,6 %, mililita 1.5. A ɗigo, mililita 1 kamar ɗigo 20 ne, amma ɗigo bai da tabbas. Sirinjin mililita 5 da aka cire wa allura ya fi, a ɗaure shi da zare a wuyan kwalbar don kada ya ɓata. Awo da murfin gora kuwa a bar shi: murfi ɗaya na ɗaukar mililita 5 ko fiye, ninki biyar ke nan na abin da ake buƙata, kuma daga nan ne ake samun ruwan da yara ke ƙi, uwargida ta ce ba za ta sake ba.

Yadda ake yi: a cika jarkar roba mai tsabta, a zuba awon, a rufe, a girgiza, a jira minti 30 cif. A buɗe a sunsuna. Ya kamata a ji ɗan ƙanshin javel sama-sama. In babu ko alama, a ƙara awo ɗaya a sake jira. In har yanzu babu, to ko dai javel ɗin ya mutu, ko ruwan ya fi ƙarfinsa.

Mutuwar javel ba ƙaramar magana ba ce a ƙasarmu. Zafi da hasken rana na rage masa ƙarfi, kwalbar da ta yi watanni a teburin mai shago rana na dukanta ba ta kai abin da aka rubuta a jikinta ba. Wanda ake ɗurawa a tsofaffin goruna ana sayarwa babu takarda kuwa, ba ka san nawa aka sirka shi ba, a bar wa wanki. Haka mai turare ko mai sabulu a ciki, ba na ruwan sha ba ne. Kuma tun da lita 1 na mai digiri 12 zai ishi jarka 1,000, sayen babbar kwalba asara ce, zai mutu kafin a ci rabinsa. A sayi ƙarama, a ajiye a inuwa inda yara ba sa kai wa, a sake sabuwa bayan wata biyu ko uku. Kada a haɗa shi da ruwan wanke masai mai asid, hayaƙin da ke tashi guba ne.

Ƙwayar Aquatabs ta kawar da waɗannan matsaloli biyu, na awo da na mutuwa, don a cikin ledarta tana kai shekara 5. Sai dai girmanta kala-kala ne, kuma a nan ake ruɗewa. Mai miligiram 33 ta lita 10 ce, mai 67 ta lita 20, in ruwan garai yake. Mai 167 kuwa, wadda akan raba lokacin ambaliya ko annoba, tana ba jarkar lita 20 miligiram 5 a lita, iyakar abin da aka yarda da shi, shi ya sa warinta ke da ƙarfi. Wanda ya jefa ta a gorar lita 1.5 ya yi wa kansa. Kuɗinta a kowace jarka ya fi na javel, kuma ba kowane shagon magani ke da ita kullum ba. A ganinmu gidan da ba a da mai iya awo da sirinji, ko matafiyi, ko mai kiwo a daji, Aquatabs ta fi masa. Gidan da ke da mutum ɗaya tsayayye da zai riƙe aikin kullum, javel ya wadatar.

Garin HTH mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70 ba na gida ɗaya ba ne, na kwamitin unguwa ne ko masallaci ko makarantar da ke da tanki. Ana narka giram 15, wato cokalin cin abinci ɗaya a shafe, cikin lita 1 na ruwa, a bar farin garin ya kwanta, a tsiyaye na sama. Wannan ruwan kowane mililita nasa na ɗauke da miligiram 10. Kafin a zuba a tanki sai an gwada: bokiti 4 na lita 20, a sa wa na farko mililita 2, na biyu 3, na uku 4, na huɗu 5, a jira minti 30, a auna kowanne da ɗan akwatin gwaji mai ƙwayar DPD 1, wadda ke rina ruwa ja-ja gwargwadon kulorin da ya rage. Bokitin da ya ba da 0.5 shi ne awon. Misali in na mililita 3 ne, tankin lita 5,000 bokiti 250 ne, zai ci mililita 750. A sake gwajin in damina ta shigo, don ruwa na canzawa. Garin kansa a ajiye shi a busasshen wuri, nesa da fetur da mai, yana iya tada gobara.

Ina kulorin ke gazawa? Farko a ruwa mai laka: lakar na shanye shi, ƙwayoyin cuta kuma na ɓuya a cikinta. In ruwan ya ɗan yi hazo-hazo kawai, a ninka awon. In ba ka ganin gindin bokiti sosai, kada ka ɓata javel ɗinka, sai an kwantar da lakar tukuna. Na biyu, ba ya kashe Cryptosporidium, mai sa yara zawo. Na uku, a ruwa mai kanwa-kanwa, wanda awon pH ɗinsa ya haura 8, aikinsa na yin sanyi, sai a jira awa 1. Mazubin ƙarfe ma na cinye shi, kuma a randar ƙasa ragowarsa ta fi saurin ƙarewa, musamman wadda ba a wankewa. Dabarar ita ce a yi aikin a jarka, a zuba wa randa abin da za a sha a yinin kawai. In an sami randa mai ƙaramin baki da aka dasa wa kan famfo a ƙasa, an huta da moɗa gaba ɗaya. Masu ƙorafin cewa yana ɓata shayi kuma, ai ruwan shayi tafasa shi ake yi, ba ya buƙatar javel tun farko.

Ruwan kogi da na tafki: aiki biyu ne

Wanda ke ɗiba daga Logon, Shari, Binuwai ko tafkin damina ba shi da zaɓi tsakanin hanyoyi, haɗa su zai yi. Da farko a tace da ƙyalle mai laushi da aka wanke sau da yawa, a ninka shi huɗu zuwa takwas. Kada a raina wannan. A ƙauyukan Bangladesh an gwada tace ruwa da tsohon zane mai ninki huɗu, kwalara ta ragu da kusan rabi, saboda ƙwayarta na manne wa ƙananan ƙwarin ruwa da ƙyallen ke tarewa. Irin waɗannan ƙwari ne kuma ke ɗauke da kurkunu, wanda ya sake ɓulla a Chadi a 2010 kuma har yanzu ake samun sa a karnuka a gefen kogin Shari. A lura da fuskar ƙyallen, wadda ta taɓa ɗanyen ruwa kada gobe ta koma ƙasa.

Sai kwantar da laka. Barin ruwa ya kwana na rage ta, amma lakar yumɓu mai laushi takan yi kwanaki ba ta kwanta ba. Alam na gama wannan cikin awa 1 zuwa 2: rabin giram zuwa giram 1 a lita 20, wato ƙaramin cokalin shayi 1 zuwa 2 na dakakken alam a duro mai lita 200. A juya da sauri minti 1, a juya a hankali minti 5, a ƙyale shi. In ya yi yawa ruwan zai yi bauri da tsami. 'Ya'yan zogale busassu ma na wannan aiki: a ɓare, a daka ƙwaya 10 zuwa 20 su yi laushi, a dama da ɗan ruwa, a tace cikin lita 20, a juya kamar na alam. Bambancinsu shi ne ruwan zogale ba ya ajiyuwa, garin da ya rage a ciki abinci ne ga bakteriya, a sha shi a ranar.

Babban kuskure a nan shi ne a ga ruwa ya yi fari a ɗauka an gama. Alam ba ya kashe ƙwayar cuta, rage ta kawai yake yi. A tsiyaye na saman a hankali zuwa wata jarka, sa'an nan a sa kulorin ko a tafasa. Alam ne farko, kulorin daga baya, ba a zuba su tare.

Shanya ruwa a rana

Ba ta cin ko dala, ranar kuwa muna da ita har ta yi yawa. Gorar roba mai haske irin ta Tangui ko Supermont, wadda ba ta wuce lita 2 ba, a cire takardar jikinta, a cika, a kwantar da ita a kan kwanon rufi awa 6 cikin rana sosai. In hadari ya rufe fiye da rabin sama, ko ƙurar hunturu ta yi kauri, kwana 2 a jere. Ruwan sai mai haske: a tsayar da gorar a kan babban rubutun jarida, a leƙa ta baki, in ana karantawa ya yi. Gora mai launi, da wadda ta kakkarce ta yi dishi-dishi, da jarka, duk ba sa yi. A sha daga gorar kai tsaye ko a tsiyaya a kofi mai tsabta.

Abin da ke kayar da ita yawan aiki ne. Lita 20 gora 14 ce ta lita 1.5, kuma sai an yi kashi biyu, wasu na sama wasu na ɗaki, 28 ke nan, kullum a hau a sauke. Ta dace da gwauro, ɗalibi, ko masu kwana a gona. Babban gida kan fara da zafi, bayan 'yan makonni a watsar.

Matata

Matatar da ke da kyandir, wato ɗan sandan tacewa na farar ƙasa, bokiti biyu ɗaya kan ɗaya, tana tare laka, bakteriya da Cryptosporidium, ba ta canza ɗanɗano, ga famfo a ƙasa. Amma a hankali take zuba, lita 1 zuwa 3 a awa, kuma bairos ya fi ƙofofinta ƙanƙanta. Wannan ba ƙaramin giɓi ba ne a yankin da shawara nau'in E, mai hatsari ƙwarai ga masu juna biyu, ta yi annoba a garin Am Timan na Chadi tsakanin 2016 da 2017. Kyandirin na toshewa, a goge shi da buroshi mai laushi da ruwa zalla, ba sabulu. Tsaga ɗaya ko siririya kamar gashi ta kashe shi, alamar kuwa ita ce ruwa ya fara sauka da sauri ba dalili. Kafin ka saya ka tabbata ana samun kyandirin canji a garinku, in ba haka ba bokiti biyu ka saya da tsada.

Matatar yashi ta siminti, mai tsayin kusan mita 1, ta fi ƙarko kuma ta fi ba da ruwa, kamar lita 12 a zubi ɗaya. Aikinta ya dogara ga wani kauci na ƙananan halittu masu rai da ke tsirowa a saman yashin, wanda sai ya yi kimanin kwana 30 kafin ya nuna, kuma dole ruwa santimita 5 ya zauna a kansa kullum. In aka yi tafiya ya bushe, an koma farko. Kada a zuba mata ruwa mai kulorin daga sama, zai kashe shi. Ba ta cire komai da komai, don haka abin da ya fito ake sa wa javel. Ga gidan ƙauye mai shan rijiya ko kogi, haɗin matatar yashi da javel ya fi kowane ɗayansu shi kaɗai nesa ba kusa ba.

Abin da duk waɗannan ba sa taɓawa

A yankin Mayo Tsanaga na arewacin Kamaru, gindin duwatsun Mandara, wajen Meri da kewaye, duwatsun ƙasa na sakar wa ruwa fuloraid. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa miligiram 1.5 ne a lita, amma an auna fiye da 10 a wasu wurare a can. Alamarsa na bakin yara: haƙora su yi fari-fari kamar alli, daga baya su rine su yi ja, su riƙa ɓantarewa. Akan ɗora wa goro laifi, alhali yaro ɗan shekara 10 bai ci goron da zai yi masa haka ba. In shekaru suka yi nisa har ƙashi da gaɓoɓi yake kamawa. Javel, rana, ƙyalle da kyandir ba ruwansu da shi, tafasawa ma ƙara masa kauri take yi tun da ruwa ne ke tashi shi ya zauna. Abin takaici, foraj mai zurfi da ya fi tsabta ta fuskar ƙwayoyin cuta sau da yawa shi ya fi ɗauke da shi.

Mafita a nan ita ce a auna duk rijiyoyin ƙauyen, a ware mai ƙarancin fuloraid don sha da girki, musamman na yara 'yan ƙasa da shekara 8 da haƙoransu ke ginuwa, a bar sauran wa wanka da dabbobi. Ruwan sama ba shi da fuloraid. Rufin kwano mai murabba'in mita 50 a Marwa, inda ake samun kimanin milimita 800 a shekara, zai iya tara lita 30,000 da ɗoriya, matsalar wurin ajiya ce tun da cikin wata huɗu yake zuba. A zubar da na farko da ya wanke rufi. Sirki ma na aiki: ruwa mai miligiram 3 in aka haɗa shi rabi da rabi da na sama ya dawo 1.5. Akwai kuma matatar gawayin ƙashin shanu, tana kama fuloraid sosai, sai dai gawayin na ƙoshi, kuma ba a gane ya ƙoshi sai da awo.

Naitiret matsalar rijiyoyin cikin gari ce, inda masai ke kusa. An so a bar mita 30 tsakaninsu, masai kuma ya zama ta gangare, amma a tsofaffin unguwanni masu cunkoso wa ke da wannan fili? In ya haura miligiram 50 a lita hatsari ne ga jariri ɗan ƙasa da wata 6 da ake haɗa wa madara, kuma tafasawa ba ta rage shi. Irin wannan rijiya a bar ta wa wanki. Jan ruwa mai ƙarnin tsatsa kuwa ba guba ba ne, amma yana cinye kulorin. In da asuba ne kawai yake fitowa ja, bayan an ɗan buga ya washe, to bututun famfon ne ke tsatsa, abin da aka sani da famfon hannu samfurin India Mark II mai bututun ƙarfe in ruwan na da ɗan tsami. A canza zuwa bututun roba ko ƙarfen da ba ya tsatsa. In kullum ja ne, daga ƙasa yake: a bar shi a buɗe ya kwana, ya kwanta, a tsiyaye, sa'an nan a sa javel.

To wa zai ɗauki wacce?

Mai famfon da ke zuwa yana ɗaukewa, ya sani cewa lokacin da bututu ya zama fanko yakan tsotso ruwan kwata ta inda ya tsage. Ya zubar da na farko har ya washe, ya sunsuna. In babu ƙanshin kulorin ya sa awo ɗaya. Mai sayen ruwan kura ya sa javel ko Aquatabs a kowace jarka ba tare da tambayar daga ina ba, ya kuma juye a jarkarsa ta gida da yake wankewa. Mai foraj a gida, in an toshe kewayen bututun da siminti daga sama kuma daɓen bai tsage ba, matsalarsa ta ajiya ce, awo ɗaya ya ishe shi. Ruwan leda kuwa darajarsa ta mai yin sa ce, kuma ledar da ta kwana cikin ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba, a wanke bayanta kafin a kai baki.

Bayan ambaliya, kamar wadda ta mamaye unguwar Walia a Njamena a 2022 ko Yagwa a 2024, duk rijiyar da ruwa ya hau kanta a ɗauke ta gurɓatacciya. A kwashe ruwan da lakar, a gyara baki, sa'an nan a yi mata wanka da HTH: giram 75 zuwa 150 ga kowace lita 1,000. Rijiya mai faɗin mita 1.2 tana riƙe da kimanin lita 1,130 a kowace mita ta zurfin ruwa. A rufe ta awa 12 zuwa 24, kada kowa ya sha, a janye har warin ya tafi. Wannan wanka ne na lokaci ɗaya. Masu tuttula javel a rijiya duk wata suna ganin sun tsira, su sani cikin kwana ɗaya ko biyu ya ɓace, sabon ruwa ya shigo daga ƙasa yadda yake. Jarka ce dai wurin sa magani.

Fuloraid da naitiret ba su da wari ba su da launi, awo ne kaɗai ke nuna su, don haka sabon foraj a auna shi kafin a fara sha, na unguwa kuma a maimaita gwajin ƙwayoyin cuta a tsakiyar damina, lokacin da ya fi lalacewa. A Njamena akwai Laboratoire National des Eaux, a arewacin Kamaru kuma a fara tambaya a reshen Centre Pasteur na Garwa ko ofishin ma'aikatar ruwa na yanki. Kwalbar gwajin ƙwayoyin cuta daga wurinsu ake karɓa, ba a wanke ta gida a kawo. A buga famfon minti 2 zuwa 3 kafin a tara, kada yatsa ya taɓa bakin kwalbar ko cikin murfin, a bar ɗan sarari a sama, a sa a kula mai ƙanƙara, ta isa cikin awa 6. In an taɓa sa wa ruwan kulorin a faɗa musu tun wajen karɓar kwalba, akwai wadda suke sa wa maganin da ke tsayar da aikinsa, in ba haka ba zai ci gaba da kisa a hanya, sakamakon ya fito da kyau fiye da gaskiyar ruwan.